Motocin sulke na NCAA da abin da dokar kwangila ta 2007 ta tanada

A watan Oktoban 2013 aka bankaɗo cewa Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta sayi motocin BMW guda biyu masu sulke a kan naira miliyan 255 daga kamfanin Coscharis. Lokacin malaman jami'o'i suna yajin aiki tun watan Yuli, kuma ba a jima da faɗuwar wani jirgi a Legas ba. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 18,000 ne, wato kuɗin motocin nan biyu ya kai albashin wata na ma'aikata fiye da 14,000. Mutane sun fusata, kuma suna da gaskiya. Sai dai tsadar ba ita kaɗai ce matsalar ba. Ko da an samu motocin a rabin farashi, akwai tambayoyin da Dokar Sayayya da Bayar da Kwangila ta 2007 take yi kafin hukumar gwamnati ta kashe ko sisi, kuma a nan ne cinikin ya yi tuntuɓe.

Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya sa wa dokar hannu a watan Yunin 2007. Ita ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin tarayya, wadda ta gaji ofishin bin ƙa'ida da Oby Ezekwesili ta taɓa jagoranta a zamanin Obasanjo. Dokar ta hau kan ma'aikatu da hukumomin tarayya, da duk wani aikin da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa ya fito daga aljihun tarayya. Jihohi kowacce da tata dokar.

Tambayar farko: abin yana cikin kasafin kuɗi? Sashe na 16 ya ce ba a fara sayayya sai tana cikin tsarin da majalisa ta ware wa kuɗi, kuma sai an tabbatar kuɗin suna ƙasa. Kwamitin Majalisar Wakilai kan sufurin jiragen sama da ya binciki lamarin ya gano cewa abin da aka amince wa NCAA a 2013 shi ne naira miliyan 240 na motocin aiki 25, babu mai sulke a ciki. Amma aka shirya sayen motoci 54, har da masu sulken nan biyu, a kan kimanin naira miliyan 643, ta hanyar rancen banki da za a riƙa biya a hankali. Wannan dabarar rancen ita ta fi damuna. Idan hukuma za ta iya cin bashi ta sayi abin da majalisa ba ta yarda da shi ba, sannan ta bar wa kasafin baɗi da na baɗin-baɗaɗa biyan bashin, to zaman da 'yan majalisa suke yi kan kasafi ya zama na banza.

Ta biyu: wa ke da ikon sa hannu? Kowane mataki da iyakarsa. A lokacin, sayen kaya da ya kai naira miliyan 100 ya fi ƙarfin ma'aikata, dole ya je gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya, bayan BPP ta duba ta ba da takardar amincewa. An ɗaga waɗannan iyakoki daga baya, amma ƙa'idar tana nan. Kwamitin ya ce ministar sufurin jiragen sama ta wancan lokaci, Stella Oduah, ta amince da abin da ya wuce huruminta. Ita kuwa ta musanta, ta ce ba don ita aka sayi motocin ba, kuma abin da ta rubuta a kan takardar shi ne a yi abin da ya kamata, wato a bi ƙa'ida.

Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san irin wannan rubutu. Fayil ya hau sama, ya dawo da kalmomi uku da koren biro, na ƙasa ya karanta su a matsayin umarni, ranar da asiri ya tonu na sama ya ce shawara ya bayar. Dokar ta hango wannan. Shi ya sa ta ɗora alhakin a wuyan jami'i guda: babban sakatare a ma'aikata, babban darakta a hukuma. Shi ne zai amsa abin da aka yi da abin da aka ƙi yi, shi da duk wanda ya wakilta. “Daga sama aka ce” ba hujja ba ce da dokar ta sani.

Sai gasa. Asalin ƙa'idar shi ne a tallata kwangila a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba 'yan kwangila lokaci, a buɗe takardunsu a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Akwai ƙofar sayayya kai tsaye, kamar lokacin annoba ko idan kamfani ɗaya tak ke da kayan, amma sai an rubuta dalili. An kuma haramta datsa babbar kwangila gunduwa-gunduwa don kowace ta tsaya ƙasa da iyakar sa hannun wani babba.

Hukuncin da ke sashe na 58 ba na wasa ba ne. Ma'aikacin gwamnati da kotu ta kama da laifi zai sha ɗaurin aƙalla shekara 5 ba zaɓin tara, a kuma kore shi daga aiki. Kamfani kuwa za a hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin kwangilar.

A batun motocin, Majalisar Wakilai ta amince da rahoton kwamitinta a Disambar 2013. Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa nasa kwamitin, ya kuma sauke ministar a Fabrairun 2014. A 2015 ta zama sanata daga jihar Anambra. Rahoton majalisa ba hukuncin kotu ba ne, kuma babu wanda aka ɗaure a kan motocin nan. A ganina nan ne raunin yake: dokar tana da haƙora, amma sai mai gabatar da ƙara ya kai maganar gaban alƙali kafin ta ciji kowa.

Akwai abin da ta bar wa talaka a hannu. Ta ce takardun kwangilar da ba na sirrin tsaro ba a buɗe suke ga jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nema a rubuce, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. In ta ƙi, yana iya kai ta kotu. Mai neman ya tambayi layin kasafin da aka ciro kuɗin, da jaridar da aka yi tallar, da sunan wanda ya sa hannu.