Waiwaye: yadda fak ta letir ta tsallake Maradi ta sauka Damagaram

Jiya ƙanwata da ta ci bak A bana ta tsare ni, wai yaya don mi muna da iniversite nan Maradi amma ni sai na ɗau jaka na tafi Damagaram ko Yamai in ina son tarihi? Na ce mata zauna, zancen ya girme ki.

Farko dai a Nijar duka babu jami'a sai 1971 da anka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama iniversite a 1973, sannan a 1992 anka sa mata sunan Abdou Moumouni, malamin nan mai binciken hasken rana. Can Harobanda, ƙetaren gadar Kenedi, nan ɓangaren letir, wato na adabi da ilimin ɗan Adam, ya tashi, da fari ekol ake ce mishi kafin ya koma fakulte. Cikinta ne anka jera tarihi da jografi da filozofi da sosiyoloji da sikoloji da turanci da faransanci da ilimin harsuna, kowane da nashi departema da shugabanshi, duwayan, wato shugaban fakulte, na bisa kansu. Amma binciken al'adunmu ya riga fak ɗin haihuwa, tun zamanin nasara akwai IFAN, cibiyar bincike ta Faransawa, wadda Boubou Hama ya taɓa riƙewa, ita ce daga baya ta zama IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam.

Shekara da shekaru ƙofa ɗaya ce, ɗan Tasawa, ɗan Madarumfa, ɗan Diffa, kowa Yamai. Wanda ya yi zaman amfi, babban ɗakin lacca, ya sani, in ba ka yi sammako ba bakin taga za ka tsaya da kayenka a hannu, ga zafi, ga burs da ba ta zuwa kan lokaci, ga yajin aiki har shekara ta shige cikin wata shekara. Mu daga nan tafiyar ta fi kilomita 600, ka tashi da asuba ka isa da ƙafa kumbure.

To sai 2010 gwamnati ta mai da IUT, wato makarantun fasaha, na Maradi da Tawa da Damagaram jami'o'i, ta raba musu gado. Maradi ta samu kimiyya da noma, likitanci ya biyo baya, Tawa ta ɗau shari'a da tattalin arziki, letir ta faɗa Damagaram. A 2014 an ƙara huɗu, Agadas, Diffa, Doso, Tilaberi, mu dai rabonmu bai canza ba. Abin da ke ba ni dariya, yau ta Damagaram sunan André Salifou gare ta, ta Tawa Djibo Hamani, duka biyun malaman tarihi.

Ni dai rabon bai kwanta mini ba, garin da ke da Katsinawa da Gobirawa da fadar Tsibiri kusa da hanci, a ce mai son rubuta tarihinsu sai ya je wani gari neman malami. Ƙanwata ta ce ita Damagaram za ta, ko banza ta fi kusa, inna ma ta fara ɗaura mata kuli-kuli da garin yaji.