Dokar manyan kantuna ta Shikago: abin da ta tanada da abin da ya kashe ta

A watan Yulin 2006 majalisar birnin Shikago da ke Amurka ta zartar da wata doka, kansiloli 35 suka amince, 14 suka ƙi. Dokar ba ta shafi mai ɗan shago a bakin titi ba. An yi ta ne kan kantin da faɗinsa ya kai murabba'in ƙafa 90,000, wato ya ɗan fi filin ƙwallo, kuma kamfanin da ke da shi yana cinikin dala biliyan 1 ko fiye a shekara. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya san Walmart ake nufi, katafaren kamfanin kantunan Amurka da ke neman shiga birnin a lokacin, duk da cewa ta haɗa har da irin su Target da Home Depot.

Abin da ta ce shi ne, zuwa 2010 dole irin waɗannan kantuna su riƙa biyan ma'aikaci aƙalla dala 10 a awa, da ƙarin dala 3 na alawus irin su inshorar lafiya. A lokacin mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 5.15 ne, na jihar Illinois kuma 6.50.

Me ya sa kamfani mai wannan ƙarfi zai tsaya neman yardar 'yan unguwa? Saboda a Shikago ba a gina katafaren kanti sai majalisa ta yarda a sauya tsarin amfani da filin, kuma bisa al'ada sauran kansiloli suna bin bakin kansilan mazaɓar da abin ya shafa. Shi kuwa kansila idonsa na kan masu zaɓensa. Shi ya sa Walmart ya dinga zawarcin fastoci da shugabannin unguwannin baƙar fata na kudu da yammacin birnin, inda aiki ya yi ƙaranci kuma kantin kayan abinci ya yi nisa. Hujjarsa mai ƙarfi ce: da ya buɗe reshe a Evergreen Park, dab da iyakar birnin, a farkon 2006, mutum kusan 25,000 suka nemi gurbin aiki 325. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce wannan ai shaida ce ta tsananin buƙata, kuma mai buƙata shi aka fi saurin ƙwara. A ganina dukansu suna da gaskiya, shi ya sa rigimar ta raba kan 'yan unguwa ɗaya.

A watan Satumba magajin gari Richard M. Daley ya hau kujerar naƙi, karo na farko cikin shekara 17 da ya yi a kan mulki. Ya ce dokar za ta kori kantuna da harajinsu zuwa garuruwan kewaye. Kafin majalisa ta danne naƙinsa sai ta samu ƙuri'a 34 cikin 50. Wasu kansiloli suka sauya sheƙa, aka tashi da 31. Doka ta mutu, kuma a wannan watan Walmart ya buɗe kantinsa na farko a cikin birnin, a unguwar Austin.

Bayan haka sai aka koma ciniki a kan teburi. A 2010 aka amince wa Walmart ya gina kanti a unguwar Pullman bayan ya sasanta da ƙungiyoyin ƙwadago kan albashin farawa na dala 8.75 a awa. A Afrilun 2023 kuma kamfanin ya rufe huɗu daga cikin kantunansa takwas na Shikago, yana cewa asara yake tafkawa.