Waiwaye: Yadda tsuntsun po'ouli ya ƙare a dajin Maui

Ranar 26 ga Nuwamba 2004 wani ɗan tsuntsu ya mutu a cibiyar kiwon tsuntsaye da ke Olinda, a tsibirin Maui na jihar Hawai ta Amurka. Tsoho ne, mai ido ɗaya, girmansa bai wuce na gwara ba. Bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari, fuskarsa baƙa wuluk. Sunansa po'ouli, kuma tun daga ranar ba a sake ganin irinsa ba a ko'ina a duniya. A 2019 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanar cewa ya ƙare. A Oktoba 2023 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta cire shi daga jerin halittun da ake karewa, tare da wasu tsuntsayen Hawai bakwai, domin babu sauran abin da za a kare.

Shekara 31 ke nan tsakanin ranar da masana suka fara ganinsa da ranar da na ƙarshensa ya mutu. Amma asalin labarin ya girmi haka nesa ba kusa ba.

Tsibiran Hawai suna can tsakiyar tekun Pasifik, fiye da kilomita 3,000 daga kowace babbar ƙasa. Kimanin shekara miliyan 5 zuwa 7 da suka wuce, wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba daga nahiyar Asiya suka sauka a can. Ba su tarar da maciji ba, ba ɓera, ba mage, ba sauro. Sai suka hayayyafa suka rarrabu, har zuri'ar ta kai iri fiye da 50, kowa da bakin da ya dace da abincinsa. Wani bakinsa dogo ne lanƙwasasshe don zuƙar ruwan furanni, wani kakkaura don fasa ƙwallo, wani kuma na ɓare ɓawon itace ya zaro tsutsa. Po'ouli shi ya bi hanyar dodon koɗi. Yana bin rassa a hankali, yana ɗaga gansakuka da ɓawo, yana tsintar ƙananan dodon koɗi da ƙwari da gizo-gizo. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna reshensa ne ya fara ballewa daga dangin, wato ba shi da ɗan'uwa na kusa a cikin waɗanda suka rage. A yau iri 17 ne kawai suka saura a dangin gaba ɗaya.

Mutanen Foliniziya, mazauna wasu tsibiran tekun Pasifik, sun iso tsibiran kusan shekara dubu da suka wuce, da ɓeransu da aladunsu da karnukansu. Sun sare dajin gangare sun yi gonaki, sarakunansu kuma suna sa alkyabbar gashin tsuntsu, ja da rawaya. Ƙasusuwan da aka tono sun nuna ire-iren tsuntsaye da dama sun ƙare tun a wancan zamani. Bayan zuwan Kyaftin James Cook a 1778 sai ɓarnar ta ƙara gudu: shanu, awaki, manyan aladun Turai, maguna, baƙin ɓera mai hawa itace ya cinye ƙwai a sheƙa. A 1883 masu gonakin rake suka shigo da tunku don ya kashe musu ɓeraye. Tunku da rana yake farauta, ɓera kuwa da dare yake fita, saboda haka tsuntsaye ne suka sha wahalarsa.

Duk da haka babu baƙon da ya kai sauro ta'adi. Tarihi ya nuna ya iso ne a 1826, a tashar jiragen ruwa ta Lahaina da ke Maui ɗin nan, ana kyautata zaton a cikin gangunan ruwan sha na wani jirgi. Shi ne Culex quinquefasciatus, irin sauron nan da ke hayayyafa a kwatocin garuruwanmu. Da farko cutar ƙuraje ya riƙa yaɗawa tsakanin tsuntsaye. Zuwa farkon ƙarni na 20 ƙwayar maleriyar tsuntsaye ta shigo, kuma sauron ya zama mai ɗaukarta. Ba irin maleriyar da ke kama mutum ba ce, amma aikinta ɗaya ne: ta shiga jini ta farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Tsuntsun da kakanninsa ba su taɓa haɗuwa da ita ba, cizo ɗaya kan isa ya kashe shi. Wani masani mai suna Richard Warner ya tabbatar da haka a rahoton da ya fitar a 1968, bayan ya ajiye irin waɗannan tsuntsaye a gangare inda sauro ke kai gare su, ya ga yadda suka riƙa mutuwa cikin ɗan lokaci.

Abin da ya ceci sauran shi ne sanyi. Ƙwayar cutar ba ta girma a cikin sauro idan zafin yanayi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 13 a ma'aunin Celsius, don haka dajin da ya haura mita 1,500 a kan duwatsu ya zama mafaka. Duk tsuntsun da ya sauko, ya sauko wa ajalinsa.

A irin wannan mafaka aka gano po'ouli. A 1973 wasu ɗaliban Jami'ar Hawai suna bincike a dajin Hana, a arewa maso gabashin Haleakala, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya ɗan haura mita 3,000, sai suka ga tsuntsun da ba ya cikin littafi. Biyu daga cikinsu, Tonnie Casey da James Jacobi, suka rubuta bayaninsa a 1974, kuma Mary Kawena Pukui, masaniyar harshen Hawai, ita ta raɗa masa suna. A lokacin an ƙiyasta yawansa bai kai 200 ba. Wurin kuwa daji ne mai ruwan sama ba dare ba rana, ga hazo, ga taɓo, ga kwazazzabai. Daga baya aka tono ƙasusuwansa a wani ɓangaren dutsen, can ƙasa inda ya fi bushewa. Ashe dajin da aka same shi ba zaɓinsa ba ne, nan ne kawai inda aka kora shi ya tsaya.

Ko a nan ɗin bai huta ba. Aladun daji suka hau dutsen suna tone ƙasa, suna tattake ƙananan itatuwan da yake kiwo a cikinsu. Akwai wata tsiro mai dogon jiki da 'yan ƙasar ke kira hapu'u. Alade kan kayar da ita, ya ƙwaƙule cikinta mai garin sitaci ya cinye, ya bar kwarmi. Ruwan sama ya cika kwarmin, sauro ya zo ya yi ƙwai. Haka alade ya riƙa gina wa sauro gida a tsakiyar dajin. Ɓeraye kuma, bayan ƙwai da 'ya'ya, suna cin dodon koɗin da po'ouli ya dogara da shi. Tsakanin 1975 da 1985 yawansa a wurin da aka fara ganinsa ya ragu da kashi 90 cikin 100. Sheƙa biyu kaɗai aka taɓa gani, duka a 1986, duka na ma'aurata ɗaya, a kan itacen ohia, kuma ɗa guda ne ya tashi daga cikinsu. A shekarar ce gwamnatin jihar ta keɓe dajin Hanawi, inda po'ouli ke zaune. Kafin a gama kewaye shi da shinge a fitar da aladun, an ɗauki shekaru.

A ganina nan ne aka rasa tsuntsun. Lokacin da yake da ɗari da wani abu, ana iya ɗaukar ƙwai ko kama wasu a hayayyafa su a tsare, ana iya gaggauta shingen. Ba a yi ba. Kuɗin ceton tsuntsayen Hawai kaɗan ne, tsuntsun kuma ba mai launi ba ne, ba mai yawan kuka ba, ba ya jan hankalin kowa. An sa shi cikin jerin dokar kariya tun a shekarun 1970, amma suna a takarda bai hana alade tono ba.

Zuwa 1997 guda uku suka rage, kowanne a yankinsa, ba sa haɗuwa. Masana suka rabu: wasu na ganin a kama su duka a haɗa su a keji, wasu na tsoron kada su mutu a hannu tunda babu wanda ya taɓa kiwon irinsu. Hatta tantance wane ne namiji wace ce mace ya ba da wahala. Duka ɓangarorin suna da hujja, kuma babu wanda ke so a ce a hannunsa na ƙarshe ya mutu. Sai dai yayin da ake ta shawara tsuntsayen suna tsufa.

A Afrilu 2002 aka kama wadda ake ɗauka mace ce da raga, aka sa ta a ɗan akwati, aka ratsa dajin da ita kimanin kilomita 2.5 zuwa yankin wanda ake ɗauka namiji ne, aka sake ta da yamma da ɗan na'urar bibiya a jikinta. Washegari ta kama hanyar gida ta koma inda aka ɗauko ta. Bayan haka aka yanke shawarar kama su ukun. Ma'aikata suka riƙa shiga dajin da jirgi mai saukar ungulu, suna kwana a tanti cikin ruwa, suna kafa raga suna jira. Sai ranar 9 ga Satumba 2004 ɗaya ya faɗa. An kai shi Olinda, ya ci abinci, ya natsu. Gwaji ya nuna namiji ne, alhali da ana zaton mace ce, kuma akwai maleriya a jininsa. Sauran biyun an yi musu ganin ƙarshe a 2003 da 2004, an neme su an rasa. Ya yi wata biyu da rabi shi kaɗai. Da ya mutu aka aika naman jikinsa San Diego, inda aka raya ƙwayoyin halittarsa aka daskarar da su, suna nan har yau. Waɗanda suka yi wannan aiki sun yi iya ƙoƙarinsu, ba na ganin laifinsu. Aikin ne aka ba su a makare.

Yanzu mafakar ma tana ƙanƙancewa. Ɗumamar yanayi ta sa sauro na ƙara hawa dutse, yana shiga dajin da sanyi ya hana shi a da. A tsibirin Kauai, tsuntsun akikiki, ɗan dangin po'ouli, ya kusa ƙarewa a daji, waɗanda suka rage akasari a tsare suke. A Maui, tsuntsun kiwikiu, wanda po'ouli kan bi ayarinsa wajen kiwo, 'yan kaɗan ne suka saura. A 2019 an gwada mayar da wasunsu wani daji da aka farfaɗo a Nakula, maleriya ta kashe akasarinsu cikin 'yan makonni.

Wannan karon sauron kansa aka tunkara. Tun Nuwamba 2023 ake sakin miliyoyin mazan sauro a dajin gabashin Maui daga jirgi mai saukar ungulu. Namijin sauro ba ya cizo. Waɗannan an sa musu wani nau'in ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia da bai dace da na matan sauron daji ba, saboda haka idan sun sadu ƙwan da macen ta saka ba ya ƙyanƙyashewa. Wasu mazauna tsibirin sun kai ƙara suna neman a dakatar, kotu ta bari a ci gaba. Dabarar ba ta gamawa lokaci ɗaya: dole a yi ta sakin mazan mako bayan mako, domin da an tsaya sauron zai dawo, kuma kowane tashin jirgi kuɗi ne da sai an nemo shi a kasafin kowace shekara.