Gida mai sauƙin kuɗi: sauƙi ga wa, kuma har yaushe?

Da wuya a yi taron gari kan matsalar muhalli a tashi ba a ji wannan magana sau goma ba: gidaje masu sauƙin kuɗi. Ɗan siyasa zai faɗe ta, kamfanin gine-gine zai rubuta ta a allon talla, ɗan haya ma ita ce a bakinsa. Sai dai kowa da abin da yake nufi. Yawancin mutane idan sun ji ta, ƙaramin gida mai arha ne ke zo musu a rai, wanda aka gina da kayan da ba su da tsada. Wannan fahimta ta bar rabin zancen a baya.

Sauƙin kuɗi awo ne tsakanin abu biyu: abin da gida ke ci a wata, da abin da mazauninsa ke samu a wata. Gida ɗaya zai iya zama mai sauƙi ga likita, ya zama ƙarfen ƙafa ga mai sharar asibitin da likitan ke aiki. Shi ya sa duk wanda ya ce gida mai sauƙi ne bai faɗi ga wa ba, bai gama magana ba.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kashi 30 cikin 100. Idan kuɗin haya da na ruwa da na wuta ba su wuce kashi 30 na abin da iyali ke samu ba, gidan ya shiga sahun masu sauƙi. Ga wanda ya sayi gida da bashi, abin da yake biyan banki da haraji da inshora ake lissafawa. A Amurka ne wannan ma'auni ya samu gindin zama. A 1969 Sanata Edward Brooke ya kawo gyaran doka da ya hana a karɓi fiye da kashi 25 na samun mazauna gidajen gwamnati a matsayin haya, a 1981 aka ɗaga shi zuwa kashi 30. Daga nan hukumomin ƙasar suka riƙa kiran wanda ke biyan fiye da kashi 30 mai ɗauke da nauyi, wanda ya haura kashi 50 kuwa nauyinsa ya yi tsanani.

Ma'aunin yana da amfani domin kowa zai iya lissafa shi a bayan ambulan, amma yana da rami. Mai samun 1,000 idan ya biya 400, ya haura ƙa'ida, duk da haka 600 na aljihunsa. Mai samun 100 idan ya biya 30, takarda ta ce lafiya lau yake, alhali da 70 ɗin nan zai ci da iyali, ya sayi magani, ya kai yara makaranta. Ma'aunin bai san mai 'ya'ya biyar da gwauro ba. Bai kuma san kuɗin mota ba: gida mai arha da ke nesa da wurin aiki, abin da ka rage a haya kan hanya zai ƙare.

Akwai wata fassarar da ta fi damuna. A Ingila, tun 2011, an yarda a kira haya mai sauƙi idan ba ta wuce kashi 80 cikin 100 na hayar kasuwa ba. Ka ga a nan da kasuwa aka auna, an bar aljihun mutum a gefe. In kasuwa ta yi sama, “sauƙin” ma ya bi ta, albashi yana nan inda yake. Ni dai na fi gamsuwa da bayanin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ya yi a 1991, inda ya lissafa sharuɗɗa 7 na muhalli mai kyau, ya sa sauƙin kuɗi a cikinsu da ma'anar cewa kada kuɗin gida ya cinye sauran buƙatun rayuwa.

To me ya sa ƙananan garuruwa ma ke fafutukar neman gidaje masu sauƙin kuɗi, tunda an saba jin kukan haya daga manyan birane? Saboda a ƙaramin gari gidajen 'yan kaɗan ne, ƙaramin motsi sai ya girgiza kasuwar duka. Masu hali daga birni su sayi gidajen hutu da ba sa kwana a ciki sai 'yan makonni a shekara. Wasu masu gidaje su sallami 'yan haya, su koma bai wa baƙi hayar kwanaki ta manhajar Airbnb. Masu aiki ta intanet su taho da albashin birni su yi takara da mai albashin gari. Manyan kamfanonin gini kuwa ba sa zuwa, don gida goma ba ya kawo musu ribar da ɗari biyu ke kawowa.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta samu aiki a asibitin irin wannan gari. Takardar ɗaukar aiki na jakarta, kullum da dare tana duba tallan gidaje a waya, ta buga lamba a ce an riga an bayar, ta buga wata a faɗa mata kuɗin da ya kai rabin albashinta. Bayan mako uku ta mayar da takardar. Babu wanda zai lissafa ta cikin marasa muhalli, amma garin ya rasa ma'aikaciya. Haka matasa ke ficewa ɗaya bayan ɗaya, yaran makaranta su ragu, wata rana a ce za a rufe makarantar. Wasu kuma suna nan, a ɗakin 'yan uwa suke raɓe, ba a ganinsu a titi balle a ce akwai matsala.

Fafutukar al'umma a nan yawanci aiki ne mara hayaniya. Ana farawa da ƙidaya, gida gida: nawa kake samu, nawa kake biya, mutum nawa ke kwana a ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma majalisar gari da alƙaluma take aiki. Sai zaman majalisa kan tsarin filaye da izinin gini, inda sau da yawa masu adawa da ginin maƙwabta ne, mutanen da suka yarda ana buƙatar gidajen amma ba sa son a yi su kusa da nasu. Wannan ya fi komai wuya, domin gobe za ku haɗu a hanya.

Wani lokaci fafutukar kan kai ga akwatin zaɓe. A 2016 mutanen St Ives, wani ƙaramin gari na bakin teku a Cornwall ta Ingila, sun yi ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 80 cikin 100 suka amince kada a ba da izinin gina sabon gida sai wanda za a zauna a ciki dindindin. Mataki ne na jarumta, ko da yake tsoffin gidaje ba su shiga dokar ba, mai neman gidan hutu zai iya komawa kansu.

Saura tambaya ta biyu, wadda ake yawan mantawa: har yaushe? Gidaje da yawa da aka gina da tallafin gwamnati sauƙinsu na da wa'adi. A tsarin rangwamen haraji ga masu gina gidajen haya masu sauƙi da Amurka ta kafa a 1986, wa'adin farko shekara 15 ne, daga baya aka kai shi 30. In ya cika, mai gida na iya komawa farashin kasuwa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin magance wannan ita ce ƙungiyoyin riƙon amanar fili. Ta farko da aka fi ambata ita ce New Communities, wadda baƙaƙen fata masu fafutukar 'yanci suka kafa a 1969 kusa da garin Albany a jihar Jojiya ta Amurka. Tsarin shi ne a raba gida da ƙasar da yake kai. Ƙungiya ta riƙe filin har abada, iyali su sayi ginin kawai, su yi hayar filin na dogon lokaci, galibi shekara 99. Tunda kuɗin fili ya fita daga lissafi, farashin ya sauko. Sharaɗin shi ne ranar da za su sayar, ba a farashin kasuwa za su sayar ba: akwai ƙa'idar da aka rubuta tun farko, su ɗauki abin da suka zuba da wani kaso na ƙarin daraja, sauran ya zauna a jikin gidan. Mai sayarwa ya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, iyalin da za su shigo bayansa kuma su samu gidan a kuɗin da albashin garin zai iya ɗauka. Birnin Burlington na jihar Vermont ta Amurka ya kafa irin wannan ƙungiya a 1984, lokacin Bernie Sanders na magajin gari, kuma har yau tana aiki da sunan Champlain Housing Trust.