Ƙa'idojin Royal Society ta Landan: wa ke shiga, wa ke shugabanci

A zaman da muka yi ranar Asabar a ƙarƙashin darbejiyar makarantarmu da ke wani ƙauye kusa da Ringim, mu malaman kimiyya mun daɗe muna muhawara kan tsarin ƙungiyar da muke son kafawa, har wani dattijo cikinmu ya ce: "Malam, tunda kai ne magatakarda, ka dubo mana yadda na gaba suka yi." Shi ya sa na duba dokokin Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya da aka kafa a Landan ranar 28 ga Nuwamba, 1660, wadda Sarki Charles na Biyu ya ba takardar izini a 1662.

Ragamarta tana hannun majalisar gudanarwa wadda mambobi ke zaɓa daga cikinsu, kuma a ciki akwai shugaba da ma'aji da sakatarori uku: ɗaya na kimiyyar masu rai, ɗaya na fannoni irin su lissafi da kimiyyar sinadarai, ɗaya na hulɗa da ƙasashen waje. Babban taron shekara kuwa al'adarsa 30 ga Nuwamba.

Dokar shiga ita ce ta fi jan hankalina, domin a nan ƙungiyar ta taɓa yin tuntuɓe. A da, masu dukiya da sarauta sukan samu kujera ko da ba su taɓa gudanar da wani bincike ba, har gyaran 1847 ya taƙaita sababbin mambobi zuwa 15 a shekara, ya kuma sa aikin ilimi ya zama ma'auni. A yau mutum ba ya neman shiga da kansa. Sai mambobi biyu sun gabatar da sunansa, kwamitocin masana fanninsa su tantance ayyukansa, sannan a kaɗa ƙuri'a a asirce, kuma sunan yakan zauna a jerin 'yan takara har shekara 7. Wanda ya yi nasara zai sa hannu a tsohon littafin da Isaac Newton ya sa wa hannu. Abin takaici shi ne mata ba su samu wannan dama ba sai a 1945, lokacin da aka zaɓi Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson.

Wa'adin shugaba yanzu shekara 5 ne, alhali Joseph Banks ya riƙe kujerar daga 1778 har rasuwarsa a 1820. Kuɗin ƙa'ida ma ya ba su wahala tun farko, domin sule ɗaya a mako aka yanka, amma bashi ya yi ta taruwa a kan mambobi.

A ganina mu soma da rubuta sharaɗin shiga da wa'adin shugaba tun kafin a zaɓi kowa, saboda kunya takan hana a faɗa wa babba cewa lokacinsa ya cika. Daftarin da zan kawo zaman bayan girbi ke nan.