Gwajin Aikin Ƙwayoyin Gado a Sankarar Mama

Gwajin aikin ƙwayoyin gado bincike ne da ake yi wa naman ƙarin da aka cire daga maman mai sankara. Ana yin sa ne don a san ko ciwon na da haɗarin dawowa bayan tiyata, kuma ko allurar kemo, wato magani mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin sankara, za ta yi wa mai ciwon wani amfani. Mutane kan haɗa shi da gwajin BRCA1 da BRCA2, alhali sun bambanta. Na BRCA jini ko yawu ake ɗiba a duba abin da mace ta gada daga iyaye. Wannan kuwa ƙarin ake tambaya halinsa: mai zafin nama ne ko mai sanyi?

Bayan tiyata, masu binciken cuta kan daskarar da ƙarin a cikin kaki, ya zama ɗan dunƙule kamar guntun sabulu. Daga nan ake feƙe yanka siriri, a tatso sinadarin RNA mai ɗauke da saƙon ƙwayoyin gado, a auna yadda wasu zaɓaɓɓun ƙwayoyin gado ke aiki, musamman masu sa ƙari saurin yaɗuwa da masu amsa kiran estrojin, wato sinadarin mata. Ba a sake yi wa mace wani yanka.

Ba kowace mai sankarar mama yake wa amfani ba. An tanade shi ne domin wadda aka gano ciwonta da wuri, ƙarin nata na rayuwa da estrojin, ba shi da yawan furotin HER2 mai sa ƙari saurin girma, kuma bai kama kaluluwar hammata ba, ko ya kama ɗaya zuwa uku. Irin waɗannan mata dama ana ba su maganin daƙile estrojin, kamar tamoxifen, na shekara biyar ko fiye. Abin da ya daɗe yana damun likitoci shi ne ko a ƙara musu da kemo. A da ana yi wa da yawansu don gudun da-na-sani, su sha zubewar gashi da amai da kasala, wasu su rasa haihuwa, alhali kaɗan ne a cikinsu kemon ya tsare wa wani abu.

Wanda ya fi shahara shi ne Oncotype DX, da kamfanin Genomic Health na Kalifoniya a Amurka ya fitar a 2004. Yana auna ƙwayoyin gado 21, goma sha shida na sankarar, biyar na daidaita awo, ya ba da maki daga 0 zuwa 100. Sai MammaPrint mai ƙwayoyi 70, wanda ya samo asali daga aikin Laura van 't Veer da René Bernards a cibiyar binciken sankara ta Amsterdam, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2007. Akwai kuma Prosigna da EndoPredict.

Babbar hujjar gwajin Oncotype DX ta fito a 2018, daga binciken TAILORx da Joseph Sparano ya jagoranta, wanda mata sama da 10,000 suka shiga. Masu ƙaramin maki an riga an san ba sa bukatar kemo, masu 26 zuwa sama kuwa ana yi musu. Rigimar na kan masu 11 zuwa 25. An raba 6,711 daga cikinsu gida biyu, wasu maganin daƙile estrojin kaɗai, wasu haɗe da kemo. Bayan shekara tara, kashi 83.3 cikin ɗari na rukunin farko suna raye ciwo bai dawo ba, na biyu kuma kashi 84.3. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan sakamako ya cancanci a jinjina masa, domin ba kasafai binciken sankara ke ƙarewa da rage wa majiyyaci wahala ba. Sai dai an ga cewa 'yan shekara 50 zuwa ƙasa masu maki 16 zuwa 25 suna ɗan amfana da kemon. Binciken RxPONDER na 2021 ya nuna irin haka ga waɗanda ciwon ya kama kaluluwa ɗaya zuwa uku: in maki bai wuce 25 ba, wadda ta daina al'ada kemo bai ƙare ta da komai ba, amma mai al'ada ya taimaka mata. A Turai ma binciken MINDACT na 2016 ya tabbatar da amfanin MammaPrint.

Maki ba shi ne hukunci ba. Likita kan haɗa shi da girman ƙari, da kamanninsa a madubin bincike, da shekarun mace da ra'ayinta.

Kuɗin gwajin kan kai dubban daloli. A Afirka ta Yamma akwai cikas da ya fi kuɗi girma. Yawancin mata sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti, lokacin da kemo ya zama dole. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta a Nijeriya ya kuma nuna cewa nau'in sankarar da ba ruwansa da estrojin ya fi yawa a yankin fiye da tsakanin Turawa, kuma wannan nau'i gwajin ba ya cewa komai a kansa.