Waiwaye: Finafinan Bidiyon Tsintuwa da Gardamar Ko Suna Ba Da Tsoro

Duk sanda wani ƙaramin fim na ban tsoro ya fito, irin wanda ake nunawa kamar an tsinci bidiyonsa ne bayan masu ɗaukarsa sun ɓata ko sun mutu, sai 'yan kallo su rabu gida biyu. Wasu su ce sun kwana da fitila a kunne. Wasu su ce cutarsu aka yi, sun zauna awa ɗaya da rabi suna kallon kyamara tana rawa a cikin duhu, ba su ga komai ba sai ƙafafun mutane da ganyaye. Dukkansu fim ɗaya suka kalla, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Gardamar ta haura shekara 25 ana yin ta, amma dabarar da ta haife ta ta girmi haka nesa ba kusa ba.

Marubuta ne suka fara gano cewa labari ya fi shiga jiki idan aka ce ba ƙirƙirarsa aka yi ba, tattaro shi aka yi. Littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, wasiƙu ne da littattafan ajiye sirri da guntayen jarida aka jera. A 1938 kuma Orson Welles ya gabatar da wasan kwaikwayo a rediyon Amurka a sigar labarai da ɗumi-ɗuminsu, cewa wasu halittu daga duniyar Mars sun sauka, har wasu masu sauraro suka ɗauka gaske ne, ko da yake jaridun lokacin sun ƙara wa firgicin gishiri.

A harkar fim, yawanci ana fara lissafi daga Cannibal Holocaust na ɗan Italiya Ruggero Deodato, a 1980. Labarin wasu Amurkawa ne masu ɗaukar fim da suka shiga dajin Amazon ba su dawo ba, daga baya wani malamin jami'a ya je ya samo faifan da suka ɗauka. Deodato ya sa 'yan wasansa sun sa hannu cewa za su ɓoye kansu na shekara guda, kada a gan su a jarida ko talabijin. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ya so. Hukuma ta ƙwace fim ɗin jim kaɗan bayan an fara nuna shi a Milan, aka kuma zarge shi da cewa kisan da ke ciki na gaske ne. Sai da ya nemo 'yan wasan ya nuna suna raye kafin zargin ya faɗi. Dabbobin da aka kashe a gaban kyamara kuwa da gaske aka kashe su, kuma ƙasashe da dama sun haramta fim ɗin. A ganina abin da yake tayarwa ƙyama ce da tashin zuciya, ba tsoro ba. Amma ya bar wa na baya darasi guda: hoto marar kyau, mai karkarwa, ya fi kama da gaskiya a idon ɗan kallo fiye da hoton da aka tsara.

BBC ma ta ɗanɗana. A daren 31 ga Oktoban 1992 ta nuna Ghostwatch, wasan kwaikwayo da aka riga aka ɗauka amma aka gabatar kamar kai tsaye ake watsa shi daga wani gida a Landan da ake cewa akwai fatalwa. Masu gabatarwar fuskoki ne da mutanen Birtaniya suka sani kuma suka yarda da su, irin su Michael Parkinson. Dubban mutane suka yi ta buga waya, wasu a firgice, wasu a fusace. Tashar ba ta sake nuna shi a talabijin ɗin ƙasar ba, kuma a 1994 mujallar likitocin Birtaniya ta buga rahoton yara biyu 'yan shekara 10 da firgicin shirin ya zame musu ciwo. A nan babu gardama kan ko ya ba da tsoro. Sai dai ba fatalwar ce ta yi aikin ba, amanar da mutane suka ba tashar ce.

Gardamar da muka sani yau ta fara ne a 1999 da The Blair Witch Project, na Daniel Myrick da Eduardo Sánchez. Fim ɗin ya buɗe da rubutu cewa a Oktoban 1994 ɗalibai uku sun ɓata a dajin da ke kusa da Burkittsville a jihar Maryland, suna ɗaukar shiri a kan wata mayya, bayan shekara guda aka tsinci abin da suka ɗauka. Yadda aka yi shi ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan sirrin yake. An ɗauke shi cikin kwana 8 a 1997. 'Yan wasan uku, Heather Donahue da Joshua Leonard da Michael Williams, da sunayensu na gaskiya suka fito, kuma su suka riƙe kyamarorin da kansu. Ba a ba su rubutacciyar magana ba. An ba su na'urar nuna hanya, kullum su tarar da ɗan umarni an ajiye wa kowa nasa, wanda ba zai nuna wa 'yan uwansa ba. Masu shirya fim ɗin suna laɓe a daji, suna rage musu abinci kullum, da dare su zo su girgiza tanti ko su kunna muryoyin yara. Gajiya da yunwa da faɗan da ake gani a fuskokinsu ba duka ne wasa ba. Daga awa kusan 20 na hoto aka tace minti 81.

Kuɗin ɗaukar bai wuce dala 60,000 ba, ko da yake gyaran sauti da hoto daga baya ya ƙara wasu dubban ɗaruruwa. Kamfanin Artisan ya saye shi bayan an nuna shi a bikin finafinai na Sundance, ya kuma tara kusan dala miliyan 250 a duniya. Rabin aikin a wajen sinima aka yi shi. An buɗe shafin intanet mai ɗauke da rahotannin 'yan sanda na bogi da hirar iyalai, an raba takardun cigiya, har shafin bayanan finafinai na IMDb ya rubuta cewa 'yan wasan sun ɓata ana zaton sun mutu. Intanet tana jaririya a lokacin, ba kowa ya san yadda ake bin diddigin labari ba.

Waɗanda suka kalla da wuri, da rabin imani cewa gaske ne, sun fito hantar cikinsu a kaɗe. Masu sharhi da yawa suka yaba. Amma da tallar ta yi ƙarfi, aka ga 'yan wasan a bangon mujallu suna murmushi, sai jama'a suka cika sinima suna jiran fim ɗin da aka ce babu kamarsa a ban tsoro. Suka tarar da mutum uku suna zage-zage a kan taswira, da tulin duwatsu a bakin tanti, da itatuwa da aka ɗaure kamar mutum-mutumi, sai a ƙarshe wani yana tsaye a ɗakin ƙasa ya juya fuska ga bango. Mayyar ko inuwarta ba a nuna ba. Wasu jiri ya kwashe su saboda rawar kyamara, har da masu amai. Kamfanin CinemaScore, mai tambayar 'yan kallo a ƙofar fita, ya ba shi maki C+, aka kuma ba Donahue kyautar ba'a ta 'yar wasa mafi muni a shekarar, abin da nake gani zalunci ne, domin kukan da ta yi tana neman gafara a gaban kyamara shi ne abin da kowa ke tunawa har yau. Kusan fim ɗaya ne aka nuna a Sundance a watan Janairu da kuma a sinima a watan Agusta. Abin da ɗan kallo ya shigo da shi a ransa ne ya canja.

Bayan wannan ba a sake iya sayar da ƙaryar ba, ko ba a sikeli irin wancan ba. Don haka masu shirya fim suka koma dogaro da sana'a. A Japan Koji Shiraishi ya yi Noroi a 2005. A Sifen Jaume Balagueró da Paco Plaza suka yi REC a 2007, inda wata 'yar jarida da mai ɗaukar hotonta suka bi 'yan kwana-kwana cikin wani bene a Basalona, hukuma ta kulle ƙofa da su a ciki. Babu wanda ya ɗauka gaske ne, amma da wuya ka ji mai cewa bai razana ba, musamman a mintunan ƙarshe da wuta ta mutu aka koma ganin dare na kyamara.

Sai Paranormal Activity. Oren Peli ya ɗauke shi a gidansa da ke San Diego cikin mako guda, da kimanin dala 15,000. Da kamfanin Paramount ya sake shi a 2009 ya tara fiye da dala miliyan 190. Peli ya juya dabarar Blair Witch ne: maimakon kyamara mai gudu, sai ya kafa ta a ɗakin kwana, ga gado, ga ƙofa a buɗe, ga agogo yana tafiya a ƙasan hoto. Ɗan kallo ya zama mai gadi. Idonsa na yawo daga ƙofa zuwa bargo zuwa duhun baranda, yana jiran abin da zai motsa. Ƙofar ta ɗan matsa kaɗan, sinima ta ɗauki ihu. Budurwar da ke gidan ta tashi cikin barci ta tsaya a kan saurayinta, agogo ya yi ta gudu na awanni ba ta motsa ba. Wannan bai ci ko sisi ba, kuma ya fi dodannin kwamfuta na miliyoyi tayar da tsigar jiki. Duk da haka masu cewa "ƙofa ce fa kawai ta motsa" ba su rasa hujja ba.

Da kamfanoni suka ga riba irin wannan sai kowa ya yi caa. Tsakanin 2010 da 2015 an yi ta zubo su babu ƙaƙƙautawa, yawancinsu ba su da abin tunawa. Wanda ya fi ɓata sunan harkar shi ne The Devil Inside na 2012, da ya katse labari a tsakiya ya rubuta adireshin intanet ya ce a je can a ga sauran. 'Yan kallo suka yi masa ihu, CinemaScore ta ba shi F, amma ya tara kusan dala miliyan 100 a kan jarin kusan miliyan ɗaya. Lissafin ke nan da ya sa ba a daina ba.

Idan aka jera waɗanda suka yi tasiri da waɗanda suka faɗi, ƙarancin kuɗi ba shi ne ke raba su ba. Fim na yau da kullum yana da kiɗa da ke gaya maka yanzu abu zai faru, yana da kyamara da ta san inda dodo yake, tana yanka hoto ta kai ka wani wuri ka huta. Bidiyon tsintuwa ya cire duk wannan. Abin da mai riƙe da kyamara ya gani shi kaɗai za ka gani, abin da ke bayansa sai dai ka ji motsinsa. Kamar yaron da ke tsoron ɗaki ne kafin a kunna fitila: da haske ya zo, ya ga riga ce a rataye. Talauci yana tilasta wa mai fim ya bar fitilar a kashe, kuma sau da yawa alheri ne gare shi. Da aka yi ci gaban Blair Witch a 2016 da dala miliyan 5, aka cika shi da ƙara da kyamarori iri-iri, har aka ɗan nuna wata doguwar halitta, maki D+ ya samu.

Inda suke faɗuwa kuma sananne ne. Tambayar da ke kashe yawancinsu ita ce: me ya sa wannan mutumin bai yar da kyamarar ya gudu ba? Da zarar ɗan kallo ya yi wa kansa wannan tambayar, an rasa shi. REC ta amsa da cewa aikin 'yar jarida ne, sannan fitilar kyamarar ce kaɗai haske. Peli ya amsa da kafa ta a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Waɗanda ba su damu da amsawa ba su ne ake yi wa dariya. Sai kuma 'yan wasa. Wasan da zai wuce a fim na yau da kullum ba ya wucewa a nan, domin an ce maka ba wasa ba ne, ƙaramin kwaikwayo ya isa ya tona asiri. Ga kuma awa guda ta surutun banza da ake cika farkon fim da ita da sunan sabo da jaruman.

Akwai wani ɓangaren da ba ya hannun mai fim ko kaɗan. Irin wannan fim roƙon ɗan kallo yake ya taya shi aiki, ya cika duhun da abin da ke ransa. Wanda ya kalla shi kaɗai da dare da abin sauti a kunne, da wanda ya kalla da rana cikin abokai ana hira ana duba waya, ba abu ɗaya suka gani ba. Wanda kuma yake jin tsoro sai ya ga jini da fuskar dodo, ko a wane hali ya kalla, ko gezau ba zai yi ba. Shi ya sa idan mutum ya ce min wane fim bai ba shi tsoro ba, nakan so in san a ina ya kalla, da kuma abin da aka gaya masa kafin ya kalla.

Kyamarar ta ci gaba da sauya hannu. Unfriended na 2014 gaba ɗayansa a fuskar kwamfuta ya faru. Koriya ta Kudu ta yi Gonjiam a 2018, inda matasa ke watsa shigarsu tsohon asibitin mahaukata kai tsaye don neman 'yan kallo, dalilin da kowa ya yarda zai hana mutumin yau kashe kyamara. A kullen korona na 2020 Rob Savage ya yi Host a Birtaniya, kowane ɗan wasa a gidansa, a kan manhajar taron bidiyo ta Zoom, cikin ƙasa da awa guda, ya kuma iske mutane a daidai manhajar da suke wuni a kai. Da yawa daga sabbin gwaje-gwajen ma yanzu ba sa bi ta sinima. A Janairun 2022 wani yaro ɗan shekara 16, Kane Parsons, ya ɗora gajeren bidiyo a YouTube mai suna The Backrooms, na mai kyamara da ya faɗa cikin ɗakunan ofis masu rawayen bango da ba su da ƙarshe, babu kowa sai ƙugin fitilu. Miliyoyi suka kalla. A 2023 kamfanin A24 ya sanar zai ba shi jari ya mayar da shi cikakken fim, wato aka miƙa masa irin kuɗin da rashinsu ya sa ɗakunan nasa suka zama wayam tun farko.